Kunun da Na Dama da Katakon Jirgin Sama

Tun ranar da na dawo daga Garwa ban huta ba. Wannan ta shigo, "Goggo Dudu, da gaske jirgin na katako ne?" Waccan ta leƙo ta kan katanga, "Goggo Dudu, kin hau?" Har matan unguwar Bako da ba ma haɗuwa sai a gidan biki sun gane ƙofata a unguwar Adarawo. Bakina ya gaji. Shi ya sa na kira Malama Rifkatu, maƙwabciyata mai koyarwa a Jimeta, na ce ta zauna ta rubuta yadda zan faɗa, ba ƙari ba ragi. Duk wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Ku fara sanin abin da ya kai ni, don ni ba mai yawon banza ba ce. Ɗana na fari kafinta ne, kamar ubansa marigayi Malam Garba, kamar kakansa da ya zo daga Kano da zarto a kafaɗa. Ba na kama sunansa, Kafinta nake ce masa. Wani Bafaranshe mai aikin auduga a Garwa ya zo Jimeta, ya ga wata ƙofa da ɗan nawa ya yi, ya shafa da yatsa bai ji inda aka haɗa ba, ya ɗauke shi aikin wata biyu. Wata biyu suka zama bakwai. Sai magana ta fara yawo a layin kafintoci, wai ɗan Malam Garba ya bar ƙofa da gado, yana can yana haɗa wa Nasara kejin kaji da tsinkaye, wai kejin zai tashi sama. Wasu ma suka ce kansa ne ya taɓu. Tun kakansa ba a taɓa yi wa aikin gidanmu dariya ba. Na ce wa matarsa Hajara, "Ki kula da yara. Zan je in dawo da shi kafin sunan gidan nan ya gama lalacewa."

Farkon damina ne. Muka haye Binuwai a jirgin fito, mu da motarmu da awakin wani mutumin Girei. Motar mai bodin katako ce, kuma tun kafin in zauna na ga wanda ya haɗa bodin bai san aiki ba, ƙusa a kan ƙusa. Na gaya wa direba. Ya ce, "Mama, ke fasinja ce ko mai duba mota?" Na ce, "Ni matar kafinta ce shekara talatin, ɗan nan, ja mu je."

Allah ya haɗa ni da abokiyar zama, Adda Fanta, mai fataucin turare da atamfa tsakanin Garwa da Jimeta. Mace mai jiki, mai dariya, ta san kowane rami a hanyar da sunansa. Ita ta kwantar mini da hankali, don an tsorata ni cewa tun da aka yi jihohi, ko takardar ƙetare iyaka sai an je Maiduguri. Ta ce, "Wa ya gaya miki? Kina da lambar rigakafi a hannu?" Na ce ina da ita tun zamanin 'yan rani. Ta ce, "To, ita za su nema."

Sau biyu muka kafe a taɓo kafin Belel. Maza suka sauka tura mota, mu mata muka zauna a gindin tsamiya muna cin gyaɗa muna ba su shawara. A Belel muka kwana gidan wata 'yar uwar Adda Fanta, aka ba mu tuwon dawa da miyar yakuwa mai tsami har kunne. Da safe muka nufi iyaka.

A ɓangaren can, jandarma muka tarar, wato ɗan sandansu, da gajeren wando da hula kamar an kifa gwangwani. Ya yi mini wani dogon Faransanci ta hanci. Adda Fanta ta ce hannuna yake so ya gani. Na ce, "Ni in buɗe wa ƙato kafaɗata a bakin hanya? Ko mijina sai da ya nemi izini." Da Fulatanci na faɗa, don ta ji ita kaɗai. Sai ga jandarma ya tuntsire da dariya, ya amsa mini da Fulatanci mai kyau irin na gidan sarauta, "Dada, useni," wato uwa, don Allah, "ki yi haƙuri, aiki ne." Ashe ɗan Gashiga ne ta ɓangarensu, kakarsa ma 'yar Gurin ce ta ɓangarenmu. Ya kira wata mai sayar da nono ta duba lambar a bayan rumfa, ta fito ta ce tana nan. Muka rabu yana ce mini in gaishe da mutanen Yola, kamar na san su duka. Na kuwa san su.

Abin da ya kusa tsayar mini da zuciya shi ne, muna wuce sandar iyaka direba ya karkata ya koma hannun dama. Na yi salati da ƙarfi, na ɗauka barci ne ya kwashe shi. Adda Fanta ta riƙe ni tana dariya, ta ce a ƙasar nan haka ake tuƙi. Na ce to Allah ya kyauta, ƙasa guda a tsaga ta biyu, har hanya sai an raba mata hannu.

Garwa kamar Jimeta take, kogin ma namu ne, sai dai abubuwa uku zuwa huɗu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, kowa ya saƙala shi a hammata tsirara, ba takarda. Maza in sun haɗu sai musabaha, in za su rabu musabaha, in sun sake haɗuwa bayan ɗan lokaci wata musabahar. Da rana tsaka kuwa gari ya mutu, kanti a rufe, ofis a rufe, wai barci ake. Mu da a lokacin kasuwa ke ci.

Adda Fanta ta raka ni har ƙofar gidan Bafaranshen, Musye Alber. A bayan gidan akwai doguwar rumfar kwano, a nan na ga Kafinta, ya rame, ya sunkuya a kan wani tebur da ya fi ɗakina tsawo. Ya ɗago ya gan ni, fensir ya faɗo daga kunnensa. "Dada! Lafiya? Wa ya rasu?" Na ce, "Ba wanda ya rasu. Na zo ganin kejin kaji."

Bai ji haushi ba. Ya ba ni ruwa, ya ce in huta. Na ce hutu na nan, nuna mini.

To, ga abin da idona ya gani. Gangar jikin jirgin ce kawai suke haɗawa, inda mutum zai zauna har zuwa wutsiya. Ba fiffike, ba inji, ba rufi. Sanduna huɗu dogaye, kowacce ba ta wuce kaurin babban yatsana ba, biyu sama biyu ƙasa. Tsakaninsu ƙananan sanduna, wasu a tsaye, wasu a karkace. Gaba da faɗi, mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, baya kuma ya tsuke har sandunan suka haɗu kamar wutsiyar kifi. Gaskiya wanda ya ce keji bai yi ƙarya sosai ba. Amma da na matsa kusa na shafa, sai na ji kamar katako ɗaya ne. Ko gashi ba zai shiga mahaɗin ba.

Katakon ba namu ba ne. Fari ne, daga ƙasar sanyi aka kawo shi, layukan jikinsa a miƙe kamar an taje. Kafinta ya ce kafin a yanka sanda sai an bi layukan da ido daga kai zuwa gindi, in ɗaya ya kauce ko aka ga ido a jiki, a ajiye ta gefe. Ya nuna mini yadda suka fara, an zana siffar gefe ɗaya a kan teburin, an kafa ƙananan katakai a bin zanen don su riƙe sanduna, aka haɗa gefen dama a kwance, aka ɗaga, aka haɗa na hagu a gurbi ɗaya don kada su bambanta. Sannan aka tayar da su tsaye, aka ja zare a tsakiya, aka rataya dalma don a ga sun tsaya daidai, ana haɗa su da sandunan gicciye.

Na ce, "Ina ƙusoshin?"

Ya ce, "Ba ƙusa ke riƙe shi ba, Dada. Gam ne."

"Gam? Mutum zai hau sama a kan gam?"

Ya nuna mini. A kowace mahaɗa an manna wani falanki siriri mai kusurwa uku, bai fi faifai kauri ba, an danne shi da 'yan ƙusoshi kamar ƙaya, su ma don su riƙe ne kawai kafin gam ya kama. Sai ya ce in kama wutsiya, shi ya kama gaba. Muka ɗaga. Wallahi tulun ruwa biyu sun fi shi nauyi. Na ajiye a hankali, na ce a raina, bari dai in ƙara kwana biyu in ga ƙarshen wannan abu kafin in yi maganar komawa.

Da yamma Musye ya dawo daga aiki. Dogo, ja, gashin hannu kamar na goyon biri, amma da ladabi. Matarsa ta taho za ta manna mini baki a kumatu, na ja da baya na ba ta hannu, aka yi dariya aka wuce. Mai fassara mana shi ne Malam Yaya, dattijo, bakanike, shi ke jiran a gama katako ya ɗora inji. Ta bakinsa na tambayi Musye me ya sa bai sayi jirgi haɗaɗɗe ba, tun da yana da hali. Ya ce a ƙasarsu akwai masu haɗa nasu a bayan gida, malamin makaranta, mai gasa burodi, kowa. Ya ce wanda ka haɗa da hannunka, ka san abin da ke cikinsa. Wannan amsar ta shige ni.

Kafinta ya bar mini ɗakinsa da ke jikin rumfar, shi ya koma shimfiɗa tabarma kusa da teburin. Kwana biyu ina kallonsu. Da sassafe suke dama gam, kafin zafi ya taso, don rana na sa shi daskarewa da wuri. A kan ɗan sikeli ake auna shi kamar maganin asibiti. Kwana biyun nan kuma ina kallon abin da ɗana ke karyawa da shi: guntun burodin nan da baƙin kofi mai ɗaci kamar maɗaci. Na ce ba a gabana ba. Na sa aka sayo mini gyaɗa da shinkafa da tsamiya, na ce gobe kunun gyaɗa za a sha a gidan nan.

Da asuba aka yi ruwa, itacen da ke waje ya jiƙe sharkaf. Kafinta ya tafi masallaci. Na ɗauki tsintsiya na shiga rumfa, don ban iya kwana a wuri in bar shi da datti ba. A ƙarƙashin teburin na ga kwali cike da guntayen farin katako, busassu, an manna su bibbiyu da uku-uku, da 'yan zane-zanen fensir a jiki.

Ku matan kafintoci kun san ƙa'ida. Abin da ke kan benci na maigida ne, abin da ya faɗo ƙarƙashi na uwargida ne. Shekara talatin ban tambayi Malam Garba izinin guntun katako ba, da shi na dafa abincin da ya raini yaran nan. Zanen fensir kuwa, wane guntu ne ba shi da shi? Ni ba karatu na yi ba. Na kwashi kwalin na kai murhu. Ban taɓa ganin itace mai kama wuta irinsa ba, sai dai wani wari-wari da yake yi.

Kunu ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Kafinta da Malam Yaya suka sha kwano bibbiyu. Malam Yaya na lashe ludayi yana cewa, "Dada, da kin zo tun bara da na yi ƙiba." Sai Kafinta ya shiga rumfa. Na ji yana jan kaya a ƙarƙashin tebur. Ya fito.

"Dada, kwalin da ke ƙarƙashin tebur fa?"

Na nuna masa murhu.

Ya zauna a ƙasa, a cikin jiƙaƙƙen yashi, ya dafe kai. Malam Yaya ya ajiye ludayi, ya ce, "Innalillahi."

Shi ya yi mini bayani. Ashe duk ranar da aka dama gam, sai an manna guntaye da shi, a rubuta ranar a jiki, a ajiye a inuwa. Bayan kwanaki a matse su a ƙarfe a doka da guduma. In katako ne ya tsage, gam ɗin ranar ya yi. In mahaɗin ne ya rabu fes, to duk abin da aka manna a ranar sai an cire. Guntayen nan su ne shaidu. Waɗanda aka riga aka fasa suna ofishin Musye, ana ajiye wa mai duba aiki da zai zo daga babban birni. Waɗanda na ƙona na kwana biyar ne da ba a gwada ba, kuma a kwanakin nan aka manna wurin zama da inda fiffike zai kama. Ajiyarsu kuwa a hannun Kafinta take.

Malam Yaya ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Musye sai azahar zai dawo. Ga guntaye, ga gam. A manna wasu, a rubuta ranakun baya, a ɗan shafa musu ƙasa. Wa zai sani? Ni na ga yadda kake dama gam, ba ka kuskure. In ya ji an ƙona, zai ce ba ka iya ajiya ba, ya sallame ka, labari ya riga ka isa Jimeta."

Kafinta ya ɗago kai. Ni yake kallo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta yi mini daɗi a kunne. Don sunan yaron nan na ƙetare kogi da iyaka, ga shi ni da hannuna na jefa shi a murhu. In aka koro shi, me za a ce a layin kafintoci? Ko kejin ma bai iya ba.

Na ce, "Malam Yaya, in an manna sababbi, za su faɗi gaskiyar gam ɗin da ke jikin jirgin?"

Ya ce, "A'a, na yau za su faɗa."

"To shaidun zur ke nan."

Ya sosa gemu. "Dada, ke fa kika ƙona."

Na ce, "Ni na ƙona, ni zan faɗa. Kai dai ka juya maganata daidai, kada ka sa mata sukari."

Da azahar na yafa mayafina mai kyau, na tsaya a ƙofar rumfa. Ni Dudu, da ban taɓa ba namiji haƙuri a tsaye ba, na ce wa Musye, "Guntayenka na ƙarƙashin tebur, ni na dafa kunu da su. A garinmu na matar gida ne. Ɗana bai sani ba, yana masallaci. In kora ce, ni za ka kora."

Malam Yaya ya juya. Na ga jan mutumin nan ya ƙaru har wuya. Ya fita, ya zagaya bishiyar mangwaro sau uku yana magana shi kaɗai yana watsa hannu. Na tambayi Malam Yaya me yake cewa, ya ce, "Wannan ba na juyawa ba ne, Dada."

Ya dawo. Bai kalle ni ba, sai ya tambayi Kafinta: zai iya nuna mahaɗan da aka manna a kwana biyar ɗin? Kafinta ya tashi, ya ɗauki fensir, ya bi jirgin yana ɗiga alama. Wannan ranar Litinin, wannan da wannan Talata, wannan Talata da aka sake damawa don na farko ya fara kauri. Bai tsaya tunani ba ko sau ɗaya. Musye ya ɗauko littafinsa yana dubawa yana gyaɗa kai. Da suka gama ya ce kalma ɗaya. Malam Yaya ya ce, "Wai a cire."

Kwana huɗu suna cirewa. Da cizal, a hankali, falanki bayan falanki, don kada a ji wa dogayen sandunan ciwo. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallo, don na ce ba zan ɓuya a ɗaki ba. Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda aka ɓamɓare sai ya taho da naman katako. Wato gam ɗin lafiyarsa lau. Aiki mai kyau suke rushewa, babu ko ɗaya marar kyau a ciki. Sanda guda ta tsage, sai da aka yanke ta a karkace, doguwar yanka, aka yi mata ƙari. Kwana huɗun nan Kafinta bai ce mini komai ba sai gaisuwa. Ni ma ban nemi ƙari ba.

Na tambayi Malam Yaya, "Tun da sun ga na farko da na biyu lafiya, me ya sa ba za su bar sauran ba?"

Ya ce, "Na tambaya. Ɗanki ne ya ƙi, ba Musye ba. Ya ce na Litinin ba ya yi wa na Laraba shaida."

Suka sake mannawa. Wannan karon Musye ya kafa wani ɗan akwati can sama a jikin bango, ya sa masa kwaɗo, ya miƙa wa Kafinta makulli a gabana, yana kallona ta gefen ido. Na ce wa Malam Yaya, "Gaya masa da tun farko ya yi haka, da bai sha wahala ba. Wa ke ajiye abin daraja a ƙasa?" Ya juya. Musye ya yi dariyar farko tun ranar kunu.

Na zauna har ranar gwaji, don ba zan tafi in bar abin da na ɓata ban ga gyaransa ba. Aka buɗe akwati, aka matse guntu na farko a ƙarfe. Musye ya ɗauki guduma, sai ya juya ya miƙo mini.

Na ce, "Ni?"

Kafinta ya ce, "Ke, Dada. Ki doka da ƙarfi, kada ki ji tausayinsa."

Na gyara ɗamara. Hannun da ya shekara hamsin yana daka ba a koya masa duka. Na sauke guduma, guntu ya yi tsalle har bakin ƙofa. Musye ya ɗauko, ya juya shi a haske, ya nuna mini. Katakon ya yage kaca-kaca, mahaɗin na nan ko gezau. Na fasa na biyu, na fasa na uku, har na biyar. Duka haka. Musye ya kama hannun Kafinta yana girgizawa, irin musabahar nan tasu da ba ta ƙarewa, ya ce wani abu. Malam Yaya ya ce, "Wai fiffike ma shi zai yi, ba zai kira kowa daga ƙasarsu ba."

Ban ga jirgin ya tashi ba, kada wata ta ce na ce. Ko rufi ba a yi masa ba da na baro. Abin da na gani shi na faɗa.

Ranar da zan taho, Kafinta ya raka ni tasha, ya ɗora mini kayana, ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Dada, Hajara ta aiko mini saƙo bayan isowarki. Na san abin da ya kawo ki. In kin ce in bi ki, yanzu zan shiga motar nan."

Na dube shi. Na ce, "Fiffiken wata nawa zai ci?"

"Kamar biyar. Ko shida."

"To sauka daga bakin mota, kana tare wa mutane hanya. Ba a dawo mini gida da rabin aiki."